Ga Ƙoshi, Ga Kwanan Yunwa

'Ya'yana na ƙungiyar unguwa, saƙonku ya same ni, cewa kun fara haɗa kuɗi duk ƙarshen wata da niyyar ciyar da yara, kuna kuma neman shawarar na gaba da ku. Raina ya yi fari da jin haka. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare kafin na ajiye alli, kuma mai koyar da ƙananan yara yakan san abin da aka dafa a gidajen mutane ko bai taka zaurensu ba. A fuskar yaro yake gani, da hantsi, lokacin da wani yake ɗaga hannu wani kuma ya kifa kai a benci. Zan faɗa muku abin da na sani, ku ɗauki wanda zai amfane ku.

Ku fara duba inda Allah ya ajiye mu. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, unguwarmu Fagge zangon fatake ce. A nan bayan ganuwa ayarin Buzaye yake sauke gishiri, ya yi lodin hatsi ya koma arewa. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta tashi a gefenmu, ta cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, kowa da irin miyar garinsu. Har yau abinci bai daina ratsa mu ba. Ga kasuwar Singa, buhunan shinkafa da sukari da katan-katan ɗin taliya sun tokare rufi, ana lodinsu zuwa jihohi. Kasuwar Sabon Gari, wadda aka raɗa wa sunan Abubakar Rimi, babu kayan miyar da za ka nema ka rasa, daga kuka da daddawa har agushi da busasshen kifi. Abbatuwa tana kusa. Ka miƙi titin Katsina, ka wuce Kurna da Rijiyar Lemo, sai ga ka a Dawanau, kasuwar hatsin da ake ji da ita a Afirka ta Yamma. Kayan gwari kuma suna 'Yan Kaba. Da kusanci da kasuwa shi ne ƙoshi, da babu yaran da za su kai namu lafiyar jiki.

Kun san ba haka abin yake ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa a Najeriya yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A jihar Kano kuwa sun haura rabi. Ƙauye ya fi birni jin jiki, gaskiya ne, amma duk wanda ya shiga lungunan Kwaciri ko gidajen hayar da ke bayan titin Ibo ya san birni ma bai tsira ba. Gida biyu, katanga ɗaya ta raba su, yaron wannan gida ya karya da ƙwai da madara, na wancan ya fita da koko tsululu babu ko ƙosai. Layi ɗaya suke wasa, aji ɗaya suke zama. Bayan 'yan shekaru ɗaya ya kere ɗaya a tsawo, ya fi shi saurin ɗaukar karatu, sai a ce ai wancan dama ba shi da kai. Na sha jin wannan magana a ofishin malamai, kuma tana ƙona mini rai, domin sau da yawa kan yana nan, abin da zai raya shi ne bai samu ba tun yana goye.

Abin da ke raba yaran nan daga awo yake farawa. Mai hali yana sayen buhu da kaka, lokacin da hatsi yake araha. Mai albashi ya auni kwano goma ƙarshen wata. Ɗan dako da ke tura baro a Singa, ko mai gadin shago a kasuwar Kwari, sai yamma ta yi ya ga abin da ya samu, sannan a aiki yaro shagon bakin layi ya auno gwangwani biyu, a ƙulla mai a leda, a sayo magi ɗaya-ɗaya. Ku zauna da biro ku lissafa, za ku ga wanda ya fi kowa rashi shi ne ya fi kowa sayen mudu da tsada. Buhun da ya ɗauka a kansa da safe, kafin ya zama gwangwani a shagon unguwarsu hannu uku ko huɗu sun ci riba a kai. Matarsa ta san 'Yan Kaba ta fi sauƙi, amma kuɗin A Daidaita Sahu zuwa da dawowa ya cinye rangwamen, balle tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40 cikin 100 a lissafin hukuma. Kun tuna a watan Fabrairun shekarar mata masu gurasa suka fito titi a nan Kano saboda tsadar fulawa, mutane kuma suka koma sayen afafata, shinkafar da a da sai masu kiwon kifi. Idan kuɗi ya gaza, tuwo ne ƙarshen abin da ake taɓawa. Kifi ne yake fara tafiya, sai wake, sai manja, sai ganye, a bar tsaba da gishiri da yaji. Ciki ya cika, yaro ya daina kuka, uwa ta samu barci, jiki kuwa bai samu abin gini ba.

Sai maganar wuta, wadda maza ba su cika sa ta a lissafin cefane ba. Akwai wata baiwar Allah da na sani a Sabon Gari, mutuniyar kudu, tana sayar da gwanjo, 'ya'yanta uku. Ɗaki ɗaya suke haya a gidan da ya tara iyalai da yawa, kowa da murhunsa a bakin ƙofarsa, ruwa kuma sai an saya wurin 'yan garuwa. Na taɓa zama wurinta da magariba ta dawo daga kasuwa a gajiye. Ta ɗaga 'yar tukunyar gas ɗinta ta jijjiga kusa da kunne don ta ji abin da ya rage. Akwai wake a roba a ƙarƙashin gado, na gan shi. Ta dube shi, ta dubi yaran da suka fara gyangyaɗi, sai ta aiki babban ya sayo taliyar leda uku. Kafin a kira isha sun ci sun kwanta. Matar nan ta fi ni sanin amfanin wake, ita ta koya mini alale da kifi a ciki. Sai dai wake yana son awa guda ko fiye a kan wuta, taliyar kuwa minti biyar. Wanda zai tsaya a gabanta yana mata lacca kan abinci mai gina jiki, bai ce komai kan gas da gawayi ba, ɓata mata lokaci kawai ya yi. A Fagge ma haka ne. An yanka gidaje an yi ɗakunan haya da shaguna, tsakar gidan da a da ake hura itace ana shanya kuɓewa ta tafi, zogalen bayan ɗaki an sare shi an zuba siminti.

To idan gida bai hura wuta da safe ba, sai a danƙa wa yaro kuɗin tara. Daga nan zaɓi ya fita daga hannun uwarsa, ya koma bakin ƙofar makaranta. Ku je ku tsaya can ranar aiki idan an kaɗa ƙararrawa. Za ku ga tire a jere: biskit, alawa, cingam, lemon leda mai launi da aka daskarar, can gefe kuma wata dattijuwa da ɗanwake ko awara ko dafaffiyar gyaɗa. Yaro ya dunƙule kuɗinsa a hannu har gumi ya jiƙa shi, idonsa na kan leda mai ƙyalli, domin ita abokinsa ya saya jiya. Ɗan shekara bakwai ne, ba za a ga laifinsa ba. Wanda aka ba shi da yawa ma bai tsira ba. Cikin 'ya'yan manyan 'yan kasuwa da na koyar akwai masu zuwa kullum da lemon kwalba a jaka, alhali kwalba mai santilita 35 takan ɗauki sukarin da ya kai ƙaramin cokali 8 ko 9. Haƙora su lalace, jiki ya yi nauyi tun ana ƙarami, ciwon sukari yana jira a gaba. Saboda haka kada ku ɗauka aikinku na gidajen marasa hali ne kaɗai. Wani gidan magana mai daɗi kawai yake buƙata, kuma sai an san yadda za a faɗe ta.

Akwai kuma rabon da ake yi a cikin gida, wanda ba a son a taɓo. Ina roƙon 'ya'yana maza su yi haƙuri da ni a nan. Magidanci ya fita da sassafe, ya karya wurin mai shayi da burodi da ƙwai, da rana ya ci shinkafa da tsoka a kasuwa, da daddare ya tsaya wurin mai tsire. Na san wahalar da yake sha, na san da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma wani lokacin abin da ya bari na cefane bai kai abin da ya ci shi kaɗai a waje ba, kuma idan an yi miya da nama, tsokar a kwanonsa take ƙarewa. Ƙwai ɗaya cikin biyun da mai shayi ya soya masa, da ya shigo da shi gida ɗanye, da ɗan yayensa ya samu kusan rabin abin gina jikin da yake buƙata a yini. Yara kuma a haɗa su kwano ɗaya, ɗan shekara goma da ɗan shekara biyu. Cin tare tarbiyya ce mai kyau, ban ce a daina ba, amma kafin ƙaramin ya haɗiye loma ɗaya yayansa ya yi biyar. Ku ba ƙaramin ɗan kwanonsa, uwa ko yayarsa ta zauna da shi har ya gama, a san abin da ya shiga cikinsa.

Ina ta nanata ƙaramin ne domin likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa tushen ginin jiki da ƙwaƙwalwa yana cikin kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Abin da aka rasa a nan, da wuya a mayar da shi duka daga baya. Wata 6 na farko nono zalla ya wadatar, ko ruwa jariri ba ya buƙata, duk zafin Kano. A binciken 2018 ɗin nan, jarirai 29 ne kawai cikin 100 suke samun hakan a ƙasar nan. Sau da yawa kaka ce take cewa a ɗura masa ruwa kada ƙishirwa ta illata shi, da ƙauna take faɗa, sai ku lallashe ta. Ruwan na jarkar da ba a san inda aka ɗebo ba ne, gudawa ta biyo, abin da yaro ya sha ya zube. Bayan wata 6 kuma sai a ɗora shi a kan koko tsululu safe da yamma, ɗan cikinsa ya cika da ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa abincin ɗan wannan shekaru gida 8, ta ce ya samu aƙalla 5 a yini. Kada adadin ya tsorata ku. Nono ɗaya, kunun gero biyu, gyaɗa ko wake uku, zogale ko kabewa huɗu, ɗan garin busasshen kifi biyar. Duk akwai su tsakanin Wapa da kasuwar Sabon Gari.

Mu zo kan shirye-shiryen ciyarwa, tun da irinsu kuke son yi. Na makaranta na gan shi da idona. A mulkin Kwankwaso na farko, tsakanin 1999 da 2003, an ciyar da 'yan firamare a Kano, aka kuma sake yi bayan dawowarsa a 2011. A 2016 gwamnatin tarayya ta kawo nata, naira 70 kowane yaro a yini, 'yan aji ɗaya zuwa uku a makarantun gwamnati, daga baya aka mayar da shi naira 100. Ranar da ake rabo aji yakan cika, yaran da aka yi makonni ba a gani ba su dawo da 'yan robobinsu. Matan unguwa da aka ɗauka dahuwa su ma suka samu sana'a. Duk wanda ya ce shirin ba shi da amfani bai taɓa tsayawa a gaban allo ba. Amma a watan Janairun 2024 aka dakatar da shi tare da wasu shirye-shiryen tallafi na tarayya, a lokacin da naira 100 ɗin ma da ƙyar take sayen ƙwai ɗaya. A Indiya kotun ƙoli ce ta tilasta wa jihohi dafa abincin rana a makarantun gwamnati a 2001. Barazil kuma ta yi doka a 2009 cewa aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin abincin makaranta a sayi amfanin ƙananan manoma da shi. Can doka ce ta riƙe abin, shi ya sa gwamnati take wucewa ta bar shi. Namu kuwa ya danganta da ra'ayin wanda yake kan kujera. Idan ɗan majalisa ya zo neman ƙuri'a ku tambaye shi wannan, cikin ladabi, ku kuma sake tambayarsa idan ya ci.

Ko a lokacin da shirin yake tafiya, ku lura da waɗanda bai kai gare su ba. Ɗan goye ba ya aji ɗaya. Yaran Sabon Gari da yawa a ƙananan makarantun kuɗi suke, iyayensu matse ciki suke yi su biya, shirin bai san da su ba. 'Yar talla da ke yawo da farantin awara a tasha ba ta cikin rajista. Almajiri ma haka.

Ciyarwar azumi alheri ce babba. Gwamnatin jiha tana buɗe cibiyoyi, attajiran Kwari da Singa suna yin nasu, masallatai suna yi, coci-coci a Sabon Gari su ma suna da lokutan rabonsu. Allah ya saka wa kowa. Sai dai ku kalli layin da ake yi, mai ƙarfin turereniya shi yake kaiwa gaba. Matar kulle ba ta wurin, mai jego ba ta wurin, wanda ya gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi riƙe da roba shi ma ba ya wurin. Wata ɗaya ne kuma, ranar salla a kife tukwane, saura wata 11. Idan kuɗinku zai isa dafa shinkafar taro sau ɗaya a ɗauki hoto, ko ya riƙe yara ashirin da garin kunu shekara guda, ni dai na biyun nake roƙon ku zaɓa. Ba lallai wani ya yaba muku a Facebook ba, amma shi ne yake ƙara wa yaro tsawo.

Garin da nake nufi ma'aikatan lafiya suna koyar da shi: awo 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, a bakace ɓawon waken, a haɗa a kai inji. Yana daɗewa a mazubi mai murfi, kuma tun da an riga an soya, 'yan mintuna kawai yake buƙata a wuta, wanda zai sauƙaƙa wa irin matar nan mai jijjiga tukunyar gas. A dama shi da kauri yadda zai tsaya a cokali, a ɗiga ɗan manja ko man gyaɗa. Ku kula da gyaɗa ƙwarai. Duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, kada a ce asara, domin tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, suya kuma ba ta kawar da shi. Hatsin ku saye shi da kaka a Dawanau, buhu-buhu. Har kuna iya buɗe wa magidanta adashin hatsi, kowa ya zuba abin da ya samu, a sayo buhu a raba a farashin sari. Wannan kaɗai zai sauke wa ɗan dako ribar hannu uku ɗin nan, ba tare da an miƙa masa sadaka ba, kuma shi ma ya fi son haka.

Mai tallar bakin makaranta kada ku kore ta, kada ku haɗa ta da hukuma. Wataƙila marayu take riƙewa da tiren nan. Ku zauna da ita. Idan ƙungiya ta yi mata alkawarin sayen ƙosai ko alale na wasu yara kullum, a biya ta duk Juma'a, za ta soya, za ta kuma rufe abincinta daga ƙuda idan kun nemi haka. Shugaban makaranta ya ba ta sunayen a asirce, yaro ya zo ya karɓa kamar kowane mai saye. Kada a kira sunan yaro a taron safe a ce ga marasa galihu. Na ga yarinyar da ta daina karɓar abinci saboda an yi mata haka, ta gwammace yunwa, kuma ban ga laifinta ba.

Akwai inda kununku ba zai yi aiki ba, ku san iyakarku. Ku nemi ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi ta koya wa biyu daga cikinku awon damtse da ɗan tef ɗin nan mai kore da rawaya da ja. Ana naɗa shi a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, ko kuka ga ƙafafu biyu sun kumbura, kun danna da yatsa ramin ya zauna, wannan tamowa ce mai tsanani. Asibiti za a tafi a ranar, addu'a a yi ta a kan hanya. Asibitin yara na Hasiya Bayero yana nan cikin gari, ba nisa. Kuɗin mota ne yakan hana uwa tafiya, to ku ware wani abu a asusunku saboda wannan kaɗai. Abin da ake ba irin waɗannan yara a 'yar leda, gyaɗa ce aka niƙa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran ƙarin lafiya. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, aka kuma ga ƙarfinsa a Maraɗi lokacin yunwar 2005, inda ya tashi dubban yara. Duk sanda na tuna Kanon nan ce ta tara dalar gyaɗa tun zamanin Alhassan Ɗantata, har a Ƙofar Mazugal nan kusa da mu, sai in ji ya kamata ɗan Kano ya fi kowa nisa da wannan ciwo. Ledar nan magani ce, gwargwadon nauyin yaro ake ƙidaya masa ita. Idan kun ga ana sayar da ita a shago, ko manya suna shafawa a burodi, ku yi magana, domin kowace ɗaya daga bakin wani yaro aka cire ta. Haka makon lafiyar mata da yara da ake yi sau biyu a shekara, inda ake ɗiga wa yara bitamin A a ba su maganin tsutsar ciki kyauta: ku bi gida-gida ku tunatar, wannan ba zai ci muku ko kwabo ba.

Ina kuma so ku tsallaka titi. Tsakanin Fagge da Sabon Gari akwai tsohon miki, tun rikicin watan Mayun 1953 da waɗanda suka biyo baya, har muka saba kowa ya ji da nasa. Amma ni da na ci abinci a ɓangarorin biyu, na san kowanne yana da abin da ɗayan ya rasa. Matan Sabon Gari da yawa sukan barbaɗa garin jatan lande ko na kifi a abincin ɗan yaye, ba sa ƙyashin manja, miyarsu cike take da ganye, ugu da alayyahu. Matanmu kuma sun iya kunun gyaɗa, sun iya kwaɗon zogale da rama, sun mayar da waken suya awara har ta tsaya wa talaka a madadin nama, sun san gero ya fi garin rogo gina jiki. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da na matan coci da ke can sun daɗe suna tara kuɗi da littafi da ma'aji, akwai abin koyo a wurinsu. Ku gayyaci matansu ranar da za a soya garin kunu, ku ma ku je nasu. Abin da addinin kowa ya hana shi a faɗe shi a fili tun farko, a kiyaye, shi ke nan. Yaron da ya zo da kwano kuwa, kada a tambaye shi sunan babansa kafin a zuba masa.

Almajiran da ke bin ƙofofinku da daddare suna neman ko ɗan ƙanzo, su ma yaran unguwa ne muddin a nan suke kwana. A da almajiri yakan samu gidan da ya sani, yana ɗebo ruwa, uwar ɗakinsa tana ajiye masa kwanonsa, idan bai zo ba ta aika a duba. Yanzu yawa ya sa an daina sanin fuska. Abin da suke samu ragowar jiya ne, tsaba a kan tsaba, wani lokacin ma ya fara lalacewa. Ku je wurin malamansu da girmamawa, ku san yawan ƙananan cikinsu, 'yan ƙasa da shekara goma, ku nema wa kowanne gida ɗaya tsayayye. Gidan da ba zai iya ciyar da goma ba zai iya ɗaya. Masu fitar da zakka a kasuwannin nan suna da yawa, jiha ma tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Idan suka ga littafinku a tsare, kowace naira da inda ta shiga, ba za ku sha wahalar shawo kansu ba. Ku sa mutum biyu a kan kuɗi, ku karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, ko da abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Zargi ya watsa ƙungiyoyi da yawa a gabana, fiye da yadda rashin kuɗi ya watsa.

Yawancin ƙungiyoyin unguwa maza ne zalla a kansu, kada taku ta zama haka. Ba ku kuke dama koko ba, 'ya'yana, ba kuma ku za ku fara sanin gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Ungozoma ta sani, mai kitso ta sani, mai markaɗe ta sani domin tana ganin wadda ta daina kawo niƙa. Malamar Islamiyyar matan aure ma ta sani. Ku shigo da su cikin shawara, a ba su wuri a kan kuɗin ma, ban da dahuwa. Ku nemi izinin mazajensu yadda ya dace, ku sanar da mai unguwa, sannan ku mayar da taronku bayan la'asar ranar Asabar, a gidan ɗaya daga cikinsu, domin taron bayan isha a ƙofar shago ba za su samu zuwa ba.